Malaman Kimiyya a Ɗakin Bincike: Kundin Ci Gaban Shirin Dogon Hutu

12 ga Mayu

An kammala tantance malaman da za su shiga shirin bana, kuma yau aka aika wa kowannensu takardar da ke nuna ɗakin gwaje-gwajen da zai zauna na tsawon makonni shida daga tsakiyar watan Yuni. Dukkansu malaman kimiyya ne a makarantun gwamnati na yankin da jami'armu take a nan Amurka. Wasu suna koyarwa a ƙaramar sakandare, wato aji shida zuwa takwas a lissafin ƙasar nan, sauran kuma a babbar sakandare, daga aji tara zuwa goma sha biyu. Kwana huɗu a mako malami zai kasance a ɗakin bincike ƙarƙashin wani masani, yana aiki a kan tambayar da har yanzu ba a san amsarta ba, ranar Juma'a kuwa duk za mu haɗu mu tattauna yadda abin da suka gani zai shiga aji. Za a biya su alawus, domin dogon hutu lokaci ne da da yawansu suke neman wani aikin da za su ƙara samu, kuma ba adalci ba ne a nemi mutum ya ba da makonni shida kyauta.

Horar da malamai a hutun bazara tsohon abu ne a ƙasar nan. Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NSF, an kafa ta a 1950, kuma a cikin shekarun nan na 1950 ta fara ɗaukar nauyin kwasa-kwasan hutu na malamai. Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, sai kuɗin da ake warewa ya ƙaru ƙwarai. Amma galibin kwasa-kwasan wancan zamani lacca ce, a zaunar da malami a ƙara masa karatu. Salon da muke bi ya zo ne daga baya, irin wanda Samuel Silverstein ya kafa a Jami'ar Kolumbiya da ke Niyok a 1990, da kuma tsarin da NSF take kira RET, inda malami yake shiga cikin masu bincike ya yi aiki da hannunsa. Dalilin da ya sa na tsaya a kan wannan salo shi ne abin da na karanta a takardun neman gurbi: malami yana iya yin shekaru yana koyar da kimiyya da ƙwazo, alhali bai taɓa yin gwaji ko ɗaya wanda amsarsa ba ta rubuce a ƙarshen littafi ba. Wanda bai ɗanɗana rashin sanin amsa ba, zai yi masa wuya ya bar ɗalibinsa ya ɗanɗana.

2 ga Yuni

Na zauna da shugabannin ɗakunan bincike da ɗaliban digiri na uku da za su riƙa jagorantar malaman yau da gobe. Sharaɗi ɗaya na nanata, kuma sai da aka ɗan ja kafin a amince: kowane malami ya samu ƙaramar tambaya tasa ta kansa, wadda za a iya samun wani abu a kanta cikin makonni shida, ba a mayar da shi mai wanke kwalabe ko mai kallo daga gefe ba. Wani farfesa ya ce wanda bai iya riƙe kayan aiki ba ɓata masa samfuri kawai zai yi. Maganarsa tana da tushe, don haka muka daidaita a kan cewa makon farko na koyon hannu ne zalla, da samfuran da ba a jin asararsu. Ayyukan sun kasu gida uku: binciken bakteriyar Wolbakiya a jikin ƙwari, awon ingancin ruwa a wani tafki da rafin da ke shiga cikinsa, sai gwada ƙananan na'urorin auna ƙurar iska masu araha.

Na kuma roƙi ɗaliban digirin da su tuna cewa waɗanda za a kawo musu manya ne a sana'arsu, wasu ma sun girme su da shekaru masu yawa, kuma sun san abin da su ba su sani ba, wato yadda ake fahimtar da yaro ɗan shekara goma sha biyu.

16 ga Yuni

An fara. Safiya ta tafi a horon kariya: tabarau, safar hannu, inda ake zubar da kowane irin shara, da wurin wanke ido idan sinadari ya fallatsa. Da rana aka shiga koyon maikirofifet, bututun nan mai maɓalli da ake ɗebo ruwa da shi a ma'aunin maikirolita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na lita. Aikin da aka ba su mai sauƙin faɗa ne. Tunda mililita ɗaya na ruwa nauyinsa kusan giram ɗaya ne, maikirolita 100 ya kamata ya ba da miligiram 100 a kan sikeli; kowa ya ɗeba sau goma, ya rubuta abin da sikeli ya nuna.

Na tsaya kusa da wata malamar ilimin halittu da ta daɗe a aji. Maɓallin bututun yana da matsaya biyu: ana danna shi zuwa ta farko kafin a tsoma baki a ruwa, ta biyun kuwa ta fitar da ɗigon ƙarshe ce. Ita sai take dannawa har ƙasa tun wajen ɗiba, don haka alƙalumanta duk suka haura ɗari. Ba ta ce komai ba, ta dubi jerin lambobin na ɗan lokaci, ta lura cewa ba warwatse suke ba, dukkansu gefe ɗaya suka karkata, sannan ta ce wa ɗalibin da ke jagorantarta: "Wannan ba rawar hannu ba ce, akwai abin da nake maimaitawa." Bambanci tsakanin kuskuren da ke warwatsuwa da kuskuren da ke karkata gefe guda yana cikin manhajar da take koyarwa, amma ta ce yau ne ta fara ganinsa a rubutun hannunta.

An raba wa kowa littafin rubuta aikin bincike mai ɗinkakkun shafuka. Doka ita ce a rubuta da biro, a sa kwanan wata, kada a yage shafi, kuma idan an yi kuskure a ja masa layi ɗaya yadda za a iya karanta shi.

20 ga Yuni

Zaman Juma'a na farko. Na nemi kowa ya zo da takardar gwajin da ya fi yawan bai wa ɗalibansa, muka shimfiɗa su a tebur, muka yi wa kowace tambayoyi uku: wa ya zaɓi tambayar, wa ya tsara hanyar, kuma shin an san amsar tun kafin a fara? A kusan dukkansu littafi ne ya zaɓa, littafi ne ya tsara, amsar kuma tana hannun malami. Ɗalibin da ya samu abin da ya saɓa wa littafi yakan goge ya rubuta na maƙwabcinsa, kuma malaman sun ce sun san ana yin haka.

Daga nan muka duba tsarin da Majalisar Bincike ta Ƙasa ta wallafa a 2012, wanda a kansa aka gina mizanan koyar da kimiyya na NGSS a 2013, waɗanda jihohi da dama suka ɗauka ko suka yi nasu a kan salonsu. Tsarin ya lissafa ayyuka takwas da masana kimiyya da injiniyoyi suke yi, daga yin tambaya da tsara bincike har zuwa nazarin alƙaluma da kafa hujja a kan shaida, ya kuma ce ɗalibi ya koyi ilimin ne ta hanyar yin waɗannan ayyuka. Malaman sun san jerin da ka, an sha karanta musu shi a tarurrukan yini ɗaya. Wani malamin fizis ya ce abin ya yi masa kama da a koya wa mutum iyo a kan tudu. Ban ga abin da zan ƙara a kan wannan ba, sai na ba su aikin mako: duk lokacin da suka ga wani a ɗakin bincikensu yana yin ɗaya daga cikin ayyukan takwas, su rubuta ainihin abin da ya yi da abin da ya faɗa.

27 ga Yuni

Rukunin Wolbakiya ne ya cinye mini makon nan, kuma ban yi da-na-sanin hakan ba. Wolbakiya bakteriya ce da ke zaune a cikin ƙwayoyin jikin ƙwari, ana ƙiyasta tana jikin kusan rabin nau'o'in ƙwarin duniya, kuma uwa ce take gadar da ita ga 'ya'yanta ta cikin ƙwai. Muhimmancinta ya fito fili da aka gano cewa sauron Aedes aegypti da aka sa masa ita ba ya yaɗa ƙwayar zazzaɓin dengi yadda ya saba. Gwajin da aka yi a birnin Yogyakarta na Indonesiya, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna raguwar kamuwa da cutar da kashi 77 cikin ɗari a unguwannin da aka saki irin wannan sauro. Tambayar malamanmu ƙarama ce: a cikin ƙwarin da suka kama a harabar jami'a, waɗanne ne suke ɗauke da ita?

Hanyar ita ce a niƙa cikin ƙwaron, a fitar da DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, sannan a ninka wani ɗan yanki nasa da dabarar PCR, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983 har ta kai shi ga kyautar Nobel a 1993. Na'urar tana ɗaga zafi zuwa wajen digiri 95 a ma'aunin Salshiyos don igiyoyin DNA biyu su rabu, ta sauke zuwa hamsin da 'yan kai don firaima, wato gajerun guntayen DNA da ke nuna yankin da za a kwafa, su manne a inda ake so, ta koma 72 don sinadarin Taq ya gina sabuwar igiya. Shi wannan sinadari daga bakteriyar Thermus aquaticus aka samo shi, wadda Thomas Brock da ɗalibinsa suka gano a maɓuɓɓugan ruwan zafi na gandun dajin Yellowstone a nan Amurka suka bayyana ta a 1969, shi ya sa zafin ba ya lalata shi. Kowane zagaye yana ninka abin da ake da shi, don haka zagaye 30 yana iya mayar da kwafi ɗaya fiye da biliyan ɗaya. Bayan haka sai a zuba a jel na agaros a kunna lantarki, DNA ya bi ta cikinsa zuwa gefen fozitif, gajerun guntaye a gaba, dogaye a baya, kowanne ya tsaya a matsayin layi.

Ranar Laraba suka duba jel ɗinsu na farko, sai ga layin Wolbakiya a kowane ƙwaro. Murna ta kama su, har ɗaya daga cikinsu ya fara maganar cewa sun gano wani sabon abu. Ɗalibar da ke jagorantarsu ba ta tanka ba, ta sa yatsa a rami na ƙarshe, ramin bututun shaida, wanda ba a zuba masa DNA ba sai tsabtataccen ruwa. Shi ma akwai layi a cikinsa, siriri amma a fili. Ma'anarsa ita ce wani abu ya gurɓata kayan haɗin, kuma babu sakamako ko ɗaya a jel ɗin da za a iya dogaro da shi. Irin ƙarfin ninkawar da ya sa PCR ta zama abin al'ajabi shi ne kuma ya sa ɗan ƙanƙanin ɗigo da ya fantsama daga wani bututu ya isa ya ɓata aikin kwana uku.

Abin da ya faru a zaman yau shi ne ya fi burge ni. Malaman uku ba su zo da ƙorafi ba, sun zo da jerin waɗanda ake zargi: ruwan, firaima, garin haɗin PCR, bakin bututu, ko teburin da ake buɗe tsofaffin samfura a kansa. Suka tsara yadda za su canza abu ɗaya kawai a kowane bututu su bar sauran yadda suke. Wata malamar ƙaramar sakandare ta ce shekara da shekaru tana koyar da "canza abu ɗaya a lokaci guda" a matsayin doka da ake haddacewa, yau kuma ta ga cewa ita ce kaɗai hanyar da za ta fitar da ita daga ruɗani.

3 ga Yuli

Gobe hutun ƙasa ne, don haka babu zaman Juma'a, sai na bi rukunin ruwa zuwa tafki. Suna auna zafin ruwa, da tsaminsa, da naitiret, da iskar oksijin da ke narke a ciki. Na ƙarshen nan suna auna shi ta hanya biyu, da na'urar lantarki da kuma tsohuwar hanyar da Lajos Winkler ya fito da ita a 1888, inda ake kama oksijin ɗin da sinadarin manganis a cikin kwalba mai toshe, a saki ayodin daidai yawansa, sannan a riƙa ɗiga tayosalfet har shuɗin da sitaci ya kawo ya ɓace. Masanin da ke jagorantarsu ya dage a kan hanyar Winkler, domin a cewarsa na'ura lamba take bayarwa ko ta yi daidai ko ba ta yi ba, kuma dole a samu abin da za a gwada ta da shi.

Malamin kemistiri da ke rukunin ya zo da hasashe mai tushe. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi: a digiri 20 tsabtataccen ruwa yana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a lita, a digiri 30 kuwa wajen 7 da rabi. Don haka ya sa ran awon la'asar zai yi ƙasa da na asuba. Abin da suka samu kwana bayan kwana akasin haka ne: oksijin ya fi ƙaranci da asuba, lokacin da ruwan ya fi sanyi, ya kuma fi yawa da la'asar. Da fari ya zargi na'urar, amma kwalaben Winkler suka goyi bayanta. Sai da suka ɗora awon a kan sa'o'in yini suka ga bayanin: gansakuka da tsirran cikin tafkin suna fitar da oksijin muddin akwai hasken rana, da dare kuwa su da kifaye da bakteriya duk shaƙa suke yi babu mai mayarwa, har abin ya kai ƙasa gab da fitowar rana. Dokar da yake koyarwa gaskiya ce, sai dai a cikin tafki mai rai akwai wani abin da ya fi ta ƙarfi. Ya ce mini darasinsa na narkewar iska da darasin maƙwabciyarsa na yadda tsiro ke haɗa abinci da hasken rana a zango daban-daban ake koyar da su, kuma babu ɗalibin da aka taɓa nuna wa cewa a ruwa ɗaya suke haɗuwa.

11 ga Yuli

Zaman yau ya yi zafi, kuma ina ganin dama lokacinsa ya yi. Wani malami ya fito fili ya ce duk wannan abu yana da daɗi, amma shi darasinsa bai kai awa ɗaya ba, ajinsa cike yake, ba shi da na'urar PCR, kuma akwai jarrabawar jiha da ke jiransa da jerin batutuwan da dole ya gama. Ya tambaya me zai kai wa ɗalibansa daga nan in ban da labari. Babu wanda ya musa masa, ni ma ban musa ba, domin a nan ne shirye-shirye irin namu suke yawan tuntuɓe: malami ya ji daɗin hutunsa, ya koma aji ya ci gaba yadda ya saba.

Ra'ayina, wanda na faɗa musu, shi ne kada kowa ya yi ƙoƙarin ɗauke ɗakin bincike ya kai makaranta. Abin da zai iya ƙetarawa shi ne halin da suka shiga a makonnin nan: bututun shaida, maimaita awo, ajiye sakamakon da bai yi daɗi ba a rubuce, da tambayar "ta yaya muka sani?" Waɗannan ba sa buƙatar na'ura mai tsada. Rukunin ƙurar iska ya kawo misali mai kyau. Ƙananan na'urorinsu suna ƙirga ƙurar da faɗinta bai wuce maikiromita 2.5 ba ta hanyar hasken leza da ƙurar take warwatsawa, kuma sun lura cewa a safiyar da iska take da danshi sosai lambobin suna tashi fiye da na babbar na'urar da suka jera su kusa da ita, saboda ƙurar tana tsotsar laima ta kumbura. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta sa mizanin maikirogiram 15 na irin wannan ƙura a kowace kubik mita ta iska a matsakaicin yini, da 5 a matsakaicin shekara. Ɗalibin da aka ba shi alƙaluman na'urori biyu da na danshi aka ce ya yanke hukunci ko an haura mizani, ya shiga aikin kimiyya na gaske da takarda da fensir kawai.

Mun kuma ga cewa buƙatun matakan biyu ba ɗaya ba ne. Malaman babbar sakandare suna son alƙaluma masu yawa da ɗalibai za su yi wa lissafi a kwamfuta, na ƙaramar sakandare kuwa suna son abin da yaro zai taɓa ya gani, da giraf ɗaya da za a daɗe ana muhawara a kansa. Daga mako mai zuwa za mu raba rabin zaman gida biyu.

18 ga Yuli

An gano mai laifi a rukunin Wolbakiya: bututun ruwan da ake ta buɗewa a teburin da ake sarrafa samfuran da aka riga aka ninka. Sun buɗe sabon ruwa sun rarraba shi a ƙananan bututai, sun goge teburi da bilic, sun koma amfani da bakin bututu mai matata, sun kuma ware wurin haɗa PCR daga wurin zuba jel. Bututun shaida ya fito fes, kuma yanzu wasu ƙwarin suna nuna layin Wolbakiya, wasu ba sa nunawa. Sun ƙara firaima na biyu da ke kama DNA na ƙwaron kansa, domin idan layin Wolbakiya bai fito ba a san ko babu ita ne ko kuwa fitar da DNA ɗin ne bai yi ba. Kowane malami ya miƙa daftarin farko na darasin da zai gwada a zangon farko.

25 ga Yuli

An rufe zangon ɗakin bincike da baje kolin fosta, inda malaman suka tsaya gaban aikinsu masana suna yi musu tambayoyi kamar yadda za su yi wa kowa. Rukunin Wolbakiya sun manna hoton gurɓataccen jel ɗin nan a tsakiyar fostarsu, kusa da mai kyau.

Yanzu tambayar da ke gabana ita ce yadda za mu san ko shirin ya yi amfani. Takardun jin ra'ayi da suka cika yau duk yabo ne, amma ban ɗora musu nauyi mai yawa ba, domin mutumin da ya gama makonni shida cikin abokai ba zai rasa yabo ba. Shaidar da ta fi ƙarfi a wannan fanni ita ce wadda Silverstein da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science a 2009: ɗaliban malaman da suka shiga shirin Kolumbiya sun fi ɗaliban sauran malamai na makarantu ɗaya cin jarrabawar kimiyya ta jihar Niyok da kusan kashi 10 cikin ɗari. Abubuwa biyu ne na riƙe daga wannan rahoto. Na farko, malamansu makonni takwas-takwas suke yi a hutu biyu a jere, ba hutu ɗaya ba. Na biyu, wannan bambanci a shekara ta uku da ta huɗu bayan shiga shirin aka gan shi, wato abin yana ɗaukar lokaci kafin ya isa ga ɗalibi. Dole kuma a tuna cewa malamin da ya nemi irin wannan gurbi da kansa dama mai himma ne, kuma raba tasirin shiri da tasirin himma ba ƙaramin aiki ba ne.

Akwai kuma bitar da Kwang Suk Yoon da abokansa suka yi a 2007, inda suka duba nazarce-nazarce fiye da 1,300 a kan horar da malamai, guda 9 kacal suka cika sharuɗɗan ingancin da aka gindaya, kuma duka taran a kan malaman firamare ne. A cikinsu horon da bai wuce awa 14 ba bai nuna wani tasiri a kan ɗalibai ba. Wannan ne ya sa na nemi a ware kuɗi don bibiya har ƙarshen shekarar karatu. Za mu tattara takardun gwajin da kowane malami ya bayar bara da waɗanda zai bayar bana, mu yi musu tambayoyin nan uku na zaman farko, sannan mu ziyarci azuzuwa.

13 ga Satumba

Taron bibiya na farko, makonni kaɗan bayan komawa makaranta. Labarai sun bambanta. Malamin kemistiri ya shawo kan maƙwabciyarsa sun haɗa darasi guda a kan oksijin na cikin ruwa, da tulunan gilashi biyu masu tsiro a ciki, ɗaya a taga ɗaya a cikin kabad. Wata malama kuwa an canza mata aji ana gobe za a buɗe makaranta, darasin da ta tsara bai dace da sabuwar manhajar ba, sai dai ta sake daga farko. Wasu biyu ba su fara ba, sun ce sai sun ga kamun ludayin ɗalibansu. Ban matsa musu ba, amma na nemi kowannensu ya rubuta kwanan watan da zai fara.

An amince da akwatunan aro: maikirofifet, ƙaramar na'urar PCR, kayan jel da rini marar haɗari, za su riƙa zagayawa makarantu mako bibbiyu, kuma ɗalibin digiri ɗaya zai raka akwatin a ranar farko.

8 ga Oktoba

Na ziyarci ajin malamar nan ta ƙaramar sakandare da ke rukunin Wolbakiya. Ba ta nemi akwatin aro ba. Gwajin da ta bayar shi ne wanda ta saba bayarwa kowace shekara, na tsirar da iri a kan jiƙaƙƙiyar takarda don a ga tasirin ruwan gishiri, sai dai ta cire shafin da ke bayyana matakai, ta bar ƙungiyoyi su tsara nasu. Ƙungiya ɗaya ta zuba ruwan gishiri a duk faranta, babu irin da ya tsira, suka rubuta cewa gishiri ya kashe su. Ta tsaya a kansu ta tambaye su yadda suka san irin ba matacce ba ne tun daga fakiti. Yaran suka yi shiru, can wata yarinya ta ce ai da sun bar faranti ɗaya da ruwa zalla. Malamar ba ta rage musu maki ba, ta ba su sabon iri, ta ce su bar shafin farko yadda yake su buɗe na biyu. Wannan ya ci mata darasi biyu fiye da yadda ta tsara, kuma ta gaya mini a fili cewa za ta taƙaita wani babin don ta cimma jadawali, abin da bai kwanta mata a rai ba. Na rubuta wannan a matsayin farashin da dole mu faɗa wa malaman baɗi tun da wuri, mu kuma faɗa wa shugabannin makarantunsu.

Takardun gwajin bara sun iso daga mafi yawan malaman, ana jiran sauran. Akwai ziyarar azuzuwa biyu na babbar sakandare kafin ƙarshen wata, ɗaya daga ciki ranar da akwatin PCR zai isa. Shugabannin ɗakunan bincike biyu sun amince su sake karɓar malamansu a hutu mai zuwa, na uku ya ce sai ya ga yadda kuɗin aikinsa zai kasance. Taron bibiya na biyu an sa shi a tsakiyar Nuwamba, kuma na nemi kowane malami ya zo da littattafan ɗalibai uku: wanda gwajinsa ya yi, wanda nasa bai yi ba, da wanda ya canza ra'ayinsa bayan ya ga alƙaluma.